Tsohon Ɗan Majalisa a Layin Magani

A shekarar da mai ɗakina ta rasu na fara ganinsa, yana ɗan majalisar jiha. Na kai masa kuka cewa 'yan talla sun sayi lambarta, suna kiran wayarta da tallar maganin ciwon da ta ɓoye wa kowa. Ya ce, "Baba, zan kawo dokar da za ta hana." Ya kawo, aka kayar da ita, shi ma ya faɗi zaɓe.

Yau ga shi a bayana a layin karɓar magani. Ya rame, wuyan rigarsa ya koɗe, amma ta sha guga. Ya kife takardarsa a ƙirji. Da alama gaisuwa ta yi masa ƙaranci yanzu. Bai gane ni ba.

Yarinyar da ke taga ta ɗaga murya ta kira sunana, ta fara karanto ciwona.

Tsohon ɗan majalisar ya matso a hankali. "'Yata, sunan ya isa. Ciwon na Baba ne."

Ta miƙo mini maganina, ya koma wurinsa. Abin da ya rage masa na alkawarin ke nan, ya kuwa cika. A aljihuna, wayar marigayiya ta sake ɗaukar ƙara.