'Yan Gadin Kanyar Gwaggo Tomie

Gwaggo Tomie ƙanwar mahaifina ce. Gidanta ne na ƙarshe a ƙauyenmu, daga shi sai daji. Ta yi aiki a masaƙa har idonta ya gaji. Mijinta ya rasu, kunnenta ya yi nauyi, abin da ya rage mata shi ne lambu: bishiyar kanya ɗaya, da furannin kiku a ƙarƙashinta, masu launin shunayya, waɗanda ba sa buɗewa sai kaka ta yi nisa, sauran furanni sun mutu. Sai ta ƙoshi da kallonsu take tsinka ta dafa da ruwan tsami.

A ofishin ƙauye ni ke karɓar rahoton beyar, manyan namun dajin nan masu gashi da farata. Bara da kaka daji bai yi 'ya'ya ba, yunwa ta koro su cikin gidaje. Na ga fuskar wani manomi da beyar ya yaga, bayan an ɗinke ta. Muka umarci kowa ya sauke kanyarsa kakaf.

Gwaggo ta sa aka sauke, amma ta hana a taɓa ukun da ke can ƙoli. A al'adarmu akan bar wa bishiya 'ya'ya kaɗan su zama 'yan gadi don ta yi albarka baɗi.

"Gwaggo, daga nesa beyar ke jin ƙanshinsu."

"Kai Norio, tun kana yaro kyankyaso ke sa ka jiƙa wando. Ga rediyo na rataya. In ya ji surutun 'yan siyasa shi ma gudu zai yi."

Ranar Lahadi da hantsi na je, don ta aiko cewa furanni sun buɗe. Tun daga ƙofa na lura rediyon ya yi shiru. Batir ya mutu, ita kuwa ba ta da kunnen da za ta sani.

Tana durƙushe cikin furanni da kwando, tana 'yar waƙarta. Ɗanyen reshe ya faɗo gefenta. Na ɗaga kai. Beyar na zaune a kan bishiyar, baƙi ƙirin, yana tauna.

Ni na rubuta gargaɗin da ke manne a kowane shago: kada ka yi ihu, kada ka gudu, kada ka juya baya. Na lallaɓa na dafa kafaɗarta.

"Ka iso? Dubi wannan, ka taɓa ganin..."

Na toshe mata baki. Ta bi idona sama. Jikinta ya saki, kwandon ya zube. Taunar ta tsaya.

Na riƙe ta ta hammata ina ja da baya, takalmanta na jan ƙasa. Beyar ya sauko, faratansa na kankare ɓawo, ya dira tsakiyar furannin, ya dube mu, ya yi huci. Warinsa ya iso gare ni kafin bayana ya taɓa bango. Na tura ta ciki na ja ƙofa, siririn katako da gilashi. Muka ji shi yana shinshina ƙasanta. Daga nan shiru.

Kafin maharba su iso ya koma daji. Rabin furannin sun kwanta cikin laka. Gwaggo ta daɗe tana kallonsu.

"Norio, gobe ka zo da zarto."

"Marigayi ne fa ya dasa bishiyar."

"Shi ba ya nan. Ni ina nan."

Bana, da aka sare kanyar, rana ta samu hanya, furannin sun fi na kowace shekara. Mukan zauna a baranda, ita tana kallonsu, ni ina kallon bakin daji.