Kunun Kanwar Inna

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina na shige tun bayan sunan 'yata Ummi, ga ni. Da ƙyar na dawo.

Da na haihu, gidanmu na Jigwada na koma wankan jego. Inna, mahaifiyata, ita ke dafa min ruwa safe da yamma, ita ke dama min kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai na shanye.

Ƙafafuna suka fara kumbura. Maƙwabta suna tsokanata, "Kai, jego ya karɓe ki!" Inna tana murmushi, tana ƙara kanwa.

Sai haki. Daga ɗaki zuwa bayi sai na huta. Barci sai a zaune, ga tari kamar raina zai fita. Ranar da hannuna ya kasa riƙe Ummi ina ba ta nono, na tsorata. Wallahi marainiya na gani a cinyata.

Baban Ummi ya kai ni asibiti. Aka sa min oksijin, aka ɗebi jini, aka yi hoton zuciya. A nan babur ɗinsa ya tafi, sai da ya sayar da shi ya biya kuɗin asibiti.

Likita ta ce, "Zuciyarki ta yi rauni, ruwa ya taru a huhu. Me kike sha a gida?"

Inna ta riga ni amsawa, da alfaharinta. "Kunun kanwa, kullum. Da hannuna nake dama mata."

Likita ta sassauta murya. "Mama, ciwon kan zo ko babu kunu. Amma kanwa kamar gishiri ce, tana tara ruwa, ta ƙara wa zuciya kaya."

Inna ta sulale ta zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar.

Alhamdulillahi, da allurar fitar da ruwa da magunguna na tashi. Yanzu kullum ƙwaya, miya lami, asibiti duk wata. An ce wani cikin zai iya tafiya da ni, to daga Ummi babu ƙari. Wannan kam har yau ban gama haɗiye shi ba.

Waɗanda suka zo dubiya da masu addu'a, Allah ya saka da alheri. 'Yar uwa mai jego, in kin ga kumburi da haki, ba ƙiba ba ce, ki tafi asibiti. Ki rage gishiri, ki bar kanwa.

Na sha gaya wa Inna ba ta da laifi, abin da aka yi mata ta yi min. Amma har yau in ta kawo min abinci sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ban sa komai ba, Hadiza."

Ku sa ta a addu'a. Ni na fi ta samun sauƙi.