Mai Agogo da Lambobin Mota

A bakin babban titi, daidai inda kwalta ta rufta ta bar wani rami da ya gagari gyara, nan shagon Mai Agogo yake. Shago ne dai a suna: tebur ɗaya, kujera ɗaya, akwatin gilashi cike da agogunan da masu su suka manta da su, sai benci a waje na masu zaman hira. Duk motar da ta zo wucewa dole ta taka birki ta lallaɓa ramin nan, shi kuwa sai ya ɗago kai daga aiki, ya karanta lambarta a tsanake, ya mayar da kai. Shekarar da ma'aikata suka zo suka cike ramin, unguwa kaf murna ake yi, shi kaɗai ya koma gida fuska a murtuke. Allah ya taimake shi aikin na ha'inci ne, damina ɗaya ta sake buɗe masa abinsa.

Matarsa, wadda yara da manya ke kira Goggo, ita ta fi kowa sanin wannan lalura tasa. Mutumin da ko keke bai iya tuƙawa ba, amma babu motar unguwar da bai haddace lambarta ba. Haruffan ba su dame shi ba, alƙaluman yake tarawa. In ya ga shida da biyu da takwas, ya ce sha shida ke nan, ɗaya da shida kuma bakwai. To, bakwai ita ce sa'a. Ranar da bakwai ta fara wucewa da safe, har mai kawo mataccen agogon da ya sha ruwa sai ya ga haƙoransa. Yakan ce babbar motar da ta kawo shi gari yana saurayi bakwai ce, haka ma motar hayar da ya fara ganin Goggo a cikinta.

Goggo takan ce, “Kai ka yi sa'a. Ni har yau ina jiran tawa ta iso.”

“Ga ta nan zaune a gabanki, ba ki iya lissafi ba ne.”

“Malam, ka tsufa kana camfi.”

“Wa ya ce miki na dogara da su? Allah ke yi. Ni gaisawa kawai muke yi da lambobin.”

A kan bakwai kam tana tsokanarsa son ranta. Huɗu ce ba ta taɓawa. Mai Agogo ba ya shiga motar da lissafinta ya faɗi a huɗu, ko da kuwa zai kai yamma yana tsaye a rana. 'Ya'yansu mata, waɗanda duk sun yi aure sun yi nisa, sun ɗauka rigimar tsufa ce. Goggo ta san ba haka ba ne. Kafin a haife su akwai ɗan fari, namiji, wanda zazzaɓi ya kama yana koyon tafiya. Wani maƙwabci ya kwashe su a motarsa zuwa asibiti, suka tafi su uku, suka dawo su biyu. A harabar asibitin, da aka faɗa musu, Mai Agogo bai iya kallon kowa ba. Tsayawa ya yi a bayan motar ya ƙura wa lambarta ido, leɓunansa na motsi, lissafin ya faɗi a huɗu. A sanin Goggo ranar abin ya fara. Labarin babbar mota da motar haya kuwa, tana zargin daga baya ya ƙaga su, don kada a ce lambobin nan baƙin labari kaɗai suke kawowa. Ba ta taɓa faɗa masa wannan zargin ba, don tana tausayinsa.

Haka suka tsufa. Sai ido ya fara yi masa gardama. Da farko ƙananan kusoshin agogo ne ke kuɓuce wa hantsakinsa, Goggo ta zo da yamma tana bin ƙasa da maganaɗisu tana tsinto su. Daga nan ya fara mayar wa mutane agogo yana cewa ba shi da kayan gyaransa, alhali ga kayan nan a aljihun tebur. Ƙarshe ya rufe akwatin gilashin ya koma benci, yana jin motoci na taka birki, ba ya ganin komai sai inuwa. Goggo ta ga mutum na ƙanƙancewa a gabanta. Ran nan ta ɗauko tsintar wakenta ta zauna kusa da shi, wata mota ta lallaɓa ramin, ta ce, “Tara, ɗaya, biyu.”

Ya ce, “Uku. Ba yabo ba fallasa.”

Tun daga ranar ta zama idonsa. Tana karantawa tana mita, tana cewa an mayar da ita 'yar sandan hanya da tsufanta, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙara masa ko rage masa alƙalami ba. In huɗu ce ta fara wucewa da safe, huɗu za ta karanta masa, ya yini yana ƙunci tana kallo. Haka zamansu yake tun farko, ba ta iya yi masa ƙarya ba ko a kan gishirin miya.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, aiki ne na ɗan lokaci kaɗan. Aka ba su rana. Ranar ta zo, Mai Agogo ya kafe cewa tafiyar asibiti ba irin sauran tafiya ba ce, sai a bakwai. Suka tsaya a bakin titi, tasi na tsayawa yana sallamarta, har lokaci ya wuce. Aka sake ba su wata ranar, aka sake yin haka. Da Goggo ta je karɓar rana ta uku, likitan ya kira ta gefe. Ya ce mata yanar idon dama ta nuna har ta wuce misali, in aka ƙara jinkiri idon zai iya lalacewa gaba ɗaya, sannan ba abin da aiki zai tsinana. Ya ce, “Mama, ki kawo shi ko a goye ne.”

Ana gobe za su je, Goggo ta yafa mayafi ta nufi tasha. Ta riƙa bin bayan motocin haya ɗaya bayan ɗaya, tana duƙawa, tana lissafi da yatsu, har direbobi suka ɗauka motar sata take nema. Da ƙyar ta samu wata fara mai bakwai. Direbanta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya dafa ƙirji ya ce da sassafe zai zo.

Gari ya waye da ruwa. Suka tsaya ƙarƙashin rumfar shago, Mai Agogo cikin rigarsa mai kyau, hannunsa a kan sanda. Mai farar mota ko ƙeyarsa. Ta kira wayarsa, a kashe. Motoci biyu suka tsaya, ɗaya biyar, ɗaya tara, ya girgiza kai. Agogunan shagon masu sauran rai suna ta ƙas-ƙas a bayanta, kowanne na faɗa mata lokaci na tafiya.

Can ta hango Dogo a ƙofar gidansa yana goge gilashin tasinsa. Dogo ɗan maƙwabta ne da ya girma a gabansu, yanzu magidanci da 'ya'ya, mutumin kirki sai dai baki kamar rediyo. Motarsa biyar, biyu, shida ce. Huɗu ke nan cif. Shekara da shekaru yana wucewa yana cewa, “Baba, yau ma ba za ka sa wa motata albarka ba?” Mai Agogo yana amsa masa da, “Daga nan ma tana isa.”

Goggo ta ce wa mijinta za ta leƙa kwana ko mai farar motar ya ɓata hanya. Ta tsallaka cikin ruwa.

“Dogo, asibiti za ka kai mu.”

“Goggo, a wannan? Ai Baba ko inuwarta ba ya takawa.”

“Ba ya gani. Ka zagaya ta baya ka ɓullo ta sama kamar baƙo. Ka kashe rediyo. Kuma kada ka ce uffan har mu sauka.”

Dogo ya dafe kai. “Ni in yi shiru daga nan har asibiti? Goggo, gara ki ce in saɓa shi a kafaɗa.”

“Idonsa ne, ɗana,” in ji ta. Da ya dubi fuskarta, sai ya shiga motar ya tayar da ita.

Motar ta ɓullo ta sama, ta lallaɓa ramin, ta tsaya. Mai Agogo ya karkata kai.

“Karanta mini.”

Goggo ta dubi lambar. Ga ta nan ɓaro-ɓaro, ruwa na gangarowa a kanta. Sai ta ce:

“Takwas, uku, biyar.”

Ruwa na ɗiga daga bakin rumfa a kan takalminsa bai janye ƙafar ba. Sannan ya miƙa mata hannu ya ce, “Bakwai. Mu je.”

Tafiyar nan Goggo ba za ta manta da ita ba. Dogo ya riƙe sitiyari ya kumbura kamar wanda ya haɗiye ƙwai. Wani mai babur ya yanko gabansu, ta ga zagi ya taso masa har wuya, ya mayar da shi, ya huce a kan hon.

Mai Agogo ya ce, “Direban nan naki bebe ne?”

“Haƙori ke damunsa.”

“Allah ya sawwaƙe,” in ji shi. Dogo ya amsa da gurnani.

Ƙarya ta uku ke nan kafin hantsi. Kuma ita da ta shekara talatin da wani abu tana cewa shirme ne, sai ga tsoro ya kama ta. Wannan hanyar ce dai da suka bi da ɗansu na fari, wannan kujerar bayan ce, kuma huɗu ce. In wani abu ya same shi a ɗakin aikin nan, ita ta sa shi a ciki da bakinta. Ta riƙe hannunsa tana addu'a a zuci. Hannun nasa sanyi ƙalau, yana ta jujjuya kan sandarsa da ɗayan.

Aka shiga da shi. Ta zauna a bencin jira tsakanin wata mai goyo da wani tsoho mai tari, ba ta iya ko shan ruwa ba. Da aka fito da shi da bandeji a ido, nas ta ce komai ya tafi daidai, sai gobe a buɗe. Goggo ta ce alhamdu lillahi.

Washegari aka warware bandejin. Mai Agogo ya ƙifta ido, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya dubi nas ɗin ya ce, “'Yata, agogonki na baya da minti uku, ki kawo mini shi.” Ɗakin ya ɗauki dariya. Ya juyo ya dubi Goggo, ya daɗe yana kallonta, ya ce, “Wa ya ba ki izinin yin furfura haka ba da sanina ba?” Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Murna ta mantar da ita abu ɗaya: ba ta ce wa Dogo kada ya dawo ba. Suna fitowa ƙofar asibitin sai ga shi ya jingina da tasinsa, ya wanke ta tas, yana ɗaga hannu biyu. Shirun jiya duk ya taru masa.

“Baba, sannu da arziki. Ka gan ni? Nawa ne yatsun nan? Goggo, na ce ba wanda zai mayar da ku gida sai wanda ya kawo ku...” Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya tsaya da shi a buɗe.

Mai Agogo ya saki hannun Goggo. Ya taka a hankali zuwa bayan motar, ya gyara baƙin tabaran da aka ba shi, ya duƙa.

“Biyar, biyu, shida,” ya karanta, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗanɗana abinci bayan doguwar jinya. “Dogo, shidan nan taka ta fara koɗewa.”

Goggo ta matso. Ta shirya maganganu da yawa, babu wadda ta fito daidai. “Malam, ni ce. Kada ka ga laifinsa. Likita ne ya ce in aka ƙara...”

“Na sani.”

“Ka san me?”

“Motar da take wucewa ta ƙofar shagona tun tana sabuwa? Ko a cikin dubu na san kukan birkinta. Tun kafin ta tsaya na san ta Dogo ce.”

Ta tsaya tana kallonsa. Ta tuna hannun nan mai sanyi, da yadda ya riƙa jujjuya sandar duk tsawon hanya.

“Ka sani, kuma ka shiga?”

“A tsorace nake har muka iso. Na ɗauka ba zan dawo ba.” Ya cire tabaran ya goge idon da ba a yi wa aiki ba, ya mayar. “Amma tunda muke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. In na ƙi shiga, sai na ce miki kin yi, a bakin titi, a gaban yaron nan. Na auna, na ga gara huɗun.”

Dogo ya juya baya yana goge madubin da ba abin da ya same shi. Mai Agogo ya lalubi ƙofar baya, ya buɗe da kansa, ya tsaya riƙe da ita sai da ta fara shiga.