Mastru Kelinu da Sandunan Ɗaukar Waliyyi

Ranar Laraba, 28 ga Agusta, 2019, da hantsi, ƙararrawar cocinmu ta yi bugun rasuwa, kuma kafin ta yi shiru duk ƙauyen ya san kai ne. Allah da ya ba mu aron Mastru Kelinu Portelli shekara tamanin da ɗaya ya karɓi abinsa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma gaskiya, Mastru, ajiyar zuciyata ta fi hawayena yawa, domin ciwon da ya ci ka wata goma sha huɗu ya sake ka.

Mu mutanen tsibirin Gozo dutse muka sani. Katako kuwa, har da takardar da ake naɗe mana cuku, sai jirgin ruwa ya kawo. A ƙauyen nan kai kaɗai ka taɓa ganin ana kayar da bishiya, a shekarun da ka yi aiki a dazukan Slovenia. Shi ya sa ba ka iya ganin an yar da itace. Kakan tsince fasassun akwatunan kaya a bakin tashar jiragen ruwa, ka mayar da su kujeru da tagogi, ka raba wa matan da mazansu suka rasu. Wata rana ka tarar da wani zai hura wuta da katako mai kyau, ka fizge shi, ka ce, "Wannan teku ya ƙetaro ya zo maka. Kai ko Sicily ka taɓa lekawa?"

Shekara biyu ke nan da abin da ya shiga tsakaninmu. Ni ne shugaban mutum takwas masu ɗaukar mutum-mutumin waliyyinmu a kafaɗa ranar biki. Dogayen sanduna biyu da muke ɗora shi a kai sun tsufa, sai na ƙetara babban tsibiri na sayo sababbi, sumul, fenti na ƙyalli. Da ido na zaɓa, kamar kowane ɗan ƙasar nan. Ka zo ka ƙwanƙwasa su da yatsa, ka kara kunne.

"Wistin, ɗanyen katako aka rufe da fenti. Cikinsa ya ruɓe."

"Haba Mastru, kunnenka dai ya ruɓe!"

Jama'a suka kwashe da dariya. Ka wuce wurin Fada, limamin cocinmu, ka ce in waliyyi ya fita a kan sandunan nan, sai dai a taka ka a ƙofar coci. Biki biyu a jere aka fito da waliyyinmu a bayan motar kaya, kamar tukwanen gas. 'Yan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu suka samu abin yi: "Kai, naku waliyyin ya karɓi lasisin tuƙi kuwa?" Na ɗora maka laifin duka, na daina gaishe ka.

Kai kuwa ka aika aka kawo katako daga can inda ka sani, ka shimfiɗa shi a inuwar shagonka, kana juya shi duk mako, ka ce ba mai taɓa shi sai ya bushe har ciki. Da ciwo ya kwantar da kai, 'yarka Rita ta ci gaba da juyawa, daga baya ta feƙe sandunan kana ba ta umarni daga gado.

A watan Yulin bana na ɗauko nawa sandunan zan yi shinge da su. Zarto ya nutse kamar cikin burodi, baƙin gari ya zubo. Ɗana Manwel ne ke riƙe gaba ta dama, inda nauyi ya fi faɗawa; da an fita da su sun karye, shi waliyyi zai danne. Sai da na zauna a ƙasa. Duk da haka girman kai ya riƙe ni mako uku, alhali likita ya ce da wuya ka ga Agusta. Kullum in nufo gidanka, in juya daga bakin lungu, ina tsoron kada ka tafi ban nemi gafararka ba.

Ranar biki, da aka fito da waliyyi a kan sandunanka, aka tsayar da shi ƙarƙashin barandarka, yankakkun takardu na zubowa daga kowace taga, na bar jerin na hau bene.

"Mastru, na yi maka laifi. Na yanka su, na gani."

"Sai da ka yanka? Jakin banza. Ɗaga ni in duba."

Na ɗauke ka, ba ka da nauyin komai. Ba waliyyin ka kalla ba, Allah ya yafe maka, sandunan ka tsura wa ido. "Ko motsi ba su yi ba," ka ce. Sannan ka riƙe wuyan rigata, ka ce in sauka, ɗana na jirana. Bayan kwana goma ka cika.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Dolor, wadda ta yi jinya ba ƙorafi, da Rita, da jikoki, da dukan dangin Portelli. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya muku zuciya. Kai kuma Mastru, Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya hutar da kai cikin salihan bayinsa. Ya yafe maka kamar yadda ka yafe mini, ba tare da jan magana ba. Amin.