Yadda Na Zama Ɗan Aro a Filin Kwando

Shekarun baya, lokacin da nake aikin gadi a Doha, na taɓa zama babban mai tsara gasar ƙwallon kwando. Kada girman sunan ya ruɗe ku. Ba don na iya wasa aka ba ni muƙamin ba, makullin filin ne a aljihuna.

Wata ƙaramar kwaleji nake gadi a unguwar Al Mirƙab, a bayanta akwai filin kwando da aka kewaye da waya. Da korona ta zo ɗalibai suka koma karatu daga gida, aka bar ni da kuliyoyi muna kallon juna. Da aka sassauta doka, sai na roƙi manajan kwalejin ya bar mu mu riƙa motsa jini ranar Juma'a. Ya ce in dai za a auna zafin jikin kowa a ƙofa, kuma ba wanda zai yi lilo a jikin kwandonsa, halas.

Kafin a ce me, mun zama ƙungiyoyi huɗu, duk masu jin Hausa. Akwai mu masu gadi, akwai direbobi, akwai ma'aikatan gidajen abinci na kasuwar Suk Waƙif waɗanda yawancinsu 'yan zangon Gana ne, sai kuma 'yan asibiti, Kiristoci 'yan Filato da Kudancin Kaduna.

Tsara wa mutanen da ba su mallaki lokacinsu ba wasa, ciwon kai ne da ba na yi wa maƙiyina fata. Juma'a ce kaɗai hutun yawancinmu. Da hantsi 'yan asibiti suna coci, don a can ranar Juma'a suke ibada. Da rana mu muna masallaci, ko ba masallaci ma simintin filin ya isa ya gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Bayan la'asar 'yan Suk sun shiga kicin. Da yamma kuma matar kafil, wato ubangidan direba, za ta tuna yara suna son shan iska a Kornish, can bakin teku. Da idona na ga direba ya ɗaga ƙwallo zai jefa, waya ta yi ƙara a aljihun wandonsa, ya ajiye ƙwallon a ƙasa a hankali, ya ce, "Na'am, madam," ya fice da gudu. A ƙarshe ba abin da ya rage mana sai bayan sallar asuba, kafin rana ta fusata.

Matsala ta biyu ta fi wannan. Kamfaninmu dogaye yake ɗauka aiki. Yadda aka yi ni na shiga, har yau ban sani ba, ina jin ranar mai auna tsawo ne bai zo ba. Kyaftin ɗinmu wani Bakano ne da sai ya sunkuya yake shiga bas ɗin kamfani, sauran ma ba su bar masa da yawa ba. Ba gudu suke yi ba, ba dabara. Su miƙa wa juna ƙwallo ta saman kawunan mutane, na ƙarshe ya ajiye ta a kwando kamar mai rataye hula a ƙusa. Duk wanda ya haɗu da mu ya san abin da zai tarar. Na ce "mu" ne saboda zumunci, ni dai a benci nake, ina tsaron gorunan ruwa.

'Yan asibiti kuwa su ne a ƙasan kowa. Ba rashin iyawa ba ne, cika ne ba sa yi. A lokacin korona ba Juma'ar da ba a kira ɗayansu diyuti, waɗanda suka samu zuwa ma sai ka ga shatin takunkumi kwance a fuskarsu, daga aikin kwana suke. Shugabansu abokina ne, ɗan Jos, mai ɗaukar hoton ƙirji a asibiti, mutum mai sanyin magana. Kullum su huɗu suke zuwa, wasa kuwa sai da biyar.

Wasu suka ce duk wanda bai cika ba a rubuta an cinye shi. Kyaftin ɗinmu ya miƙe ya ce bai yarda ba.

"Haba jama'a! A gida haka muke yi? Mutum ya tako har fili ka kore shi don mutanensa ba su cika ba? Aro ake ba shi. Daga yau ba a wasa da mutum huɗu a filin nan. Wanda ya gaza, a cika masa."

Aka yi masa tafi. Ni ma na tafa, har na fi kowa, don ban san inda maganar za ta sauka ba. Ya juya ya dubi bencinmu, ya tsallake dogaye uku da ido, ya tsaya a kaina.

"Ga mutum guda mun ba ku, kada ku ce ba mu da kara."

Tun daga ranar na zama ɗan aro. In 'yan asibiti za su kara da mu, ni ake ba su. In da direbobi ne ko 'yan Suk, ai ga mai makulli nan a tsaye, me ake nema? Har jar riga marar hannu 'yan asibitin suka ba ni irin tasu. Wasana kuwa, gara ku ji daga bakina. In na buga ƙwallo a ƙasa, a kan ƙafata take sauka ta kama gabanta. In na jefa, kwandon bai ma san an yi ba. Wata rana na fita buɗe wa motar ruwa ƙofa, na dawo na tarar su huɗun sun ci maki fiye da duk abin da muka ci mu biyar. Kowa ya lura.

Abokina bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ja na ya yi gefe ya ce, "Mutumina, ka ga, kada ka buga, kada ka jefa. Ni ina can kusurwar hagu koyaushe. Da ta shigo hannunka, ka miƙo mini kawai." Wannan darasi ɗaya na riƙe, na kuma riƙe shi da kyau. Juma'a bayan Juma'a, har ya zama ko ban duba ba, da ƙwallo ta taɓa hannuna sai kusurwar hagu.

Abin da ya sa na ɗauki lamarin da zafi shi ne 'yarsa. Yarinya ce 'yar firamare a Jos, rabonsa da ita tun kafin korona. Duk Juma'a in an tashi wasa zai zauna a benci ya kira ta a bidiyo, ita kuma tambayarta ɗaya ce.

"Baba, kun ci?"

"Mun kusa, Mamana."

Ni ma ta san ni, Kawu mai jar riga take ce mini. Wata rana ta ce, "Baba, wai ku ba kwa ci ne sam?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma da ya kashe wayar sai ya juyo wajena.

"Sau ɗaya kawai nake so in ce mata e," in ji shi. "Kuma ba zan yi mata ƙarya ba."

Raina ya sosu ƙwarai, don na san rabin wannan "mun kusa" ɗin aikina ne.

Haka muka yi ta tafiya har Gasar Kofin Duniya ta zo, tsarina ya watse gaba ɗaya. Direbobi suna jigilar baƙi, 'yan Suk ba su da lokacin shan ruwa, dogayenmu an kwashe su zuwa filayen wasa da tashoshin jirgin ƙasa. Ni aka bar ni ina gadin kwalejin da ba kowa a ciki, wai nan ma amana ce. A daidai lokacin abokina ya gaya mini kwantiraginsa ta ƙare, da an gama gasar zai koma gida. Wasa ɗaya ya rage musu, kuma da mu ne, mu da ba a taɓa cinyewa ba.

Kyaftin ya ce a bar shi kawai, ai an san sakamako. Na ƙi. Na bi shi a waya, na bi abokina, na bi wani dattijon direbobi da muke kira Alhaji, wanda shi ke mana alƙalanci. In wannan ya samu hutu, wancan yana diyuti. Sai da na zama abin gudu, mutane suna ganin lambata su kife waya, kafin na samu wata safiyar Juma'a da kowa ya ce to.

Ranar na buɗe fili da wuri, na sa jar rigata. 'Yan asibiti suka shigo, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Su biyar ne cif, karo na farko a tarihi. Ashe abokina ya yi ta roƙo da musayar diyuti har ya cika su. Can sai ga namu, idanu jajur saboda tsayuwar kwana, su huɗu har da kyaftin.

Na nufi gefen 'yan asibiti kamar yadda na saba. Abokina ya dafa kafaɗata a hankali.

"Mutumina, yau sai ka koma gida. Mun gode da aro."

Kyaftin ya dubi mutanensa, ya dube ni, ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ai ba komai. Mu huɗun ma za mu iya."

Alhaji ya cire usur daga baki. "Wa ya ce ba a wasa da mutum huɗu a filin nan?"

"Ni ne, amma..."

"Kuma wannan ba ɗan kamfaninku ba ne? Ko aron ma ba ku yi ba, kayanku aka dawo muku da shi. Yalla, a fara."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji haushi har wuya. Ƙungiya biyu a fili, kowacce tana tura wa ɗaya ni cikin ladabi. Na tuɓe jar rigar na jefa a benci, na ce a raina yau duk sai sun san da ni, har shi abokin nawa. Batun 'yarsa ma fushi ya mantar da ni. Na yi gudun da ban taɓa yi ba. Na tare wanda ba shi da ƙwallo, na yi karo da namu, na taka kyaftin har sau biyu. Shi kuwa ya bi mutanensa da raɗa cewa ko me zai faru kada a ba ni ƙwallo. Na ji shi sarai.

Wasa ya yi zafi. Dogayenmu sun gaji, ƙafafunsu ba sa ɗaguwa, 'yan asibiti kuma suna zagaye su ta ko'ina. Duk da haka tsawo tsawo ne. Da Alhaji ya ɗaga hannu ya ce lokaci ya kusa, mu ne a gaba da maki ɗaya tak. Abin da ya rage mana shi ne mu riƙe ƙwallo har a busa.

Sai aka rufe kyaftin, mutum biyu a gabansa, ɗaya a bayansa, a ƙarƙashin kwandonmu. Ya duba dama ba kowa. Ya duba hagu ba kowa. Ni kaɗai ne a sake, don ba wanda ya ga dalilin tsare ni. Na ga leɓensa yana motsi, ina jin addu'a ce, sannan ya jefo mini.

Na cafe. Wallahi na cafe da kyau, irin cafewar da ban taɓa yi ba. Kafin in yi tunanin komai, hannuna ya riga ya yi abin da aka koya masa. Ƙwallo ta tafi kusurwar hagu, a miƙe, daidai ƙirji. Abokina yana tsaye a wurin, inda ya saba tsayawa. Bai kira ni ba, bai ko ɗaga hannu ba. Shi kansa sai da ya dubi ƙwallon ya dube ni, sannan ya jefa. Ta shiga. Alhaji ya busa usur, dariya ta hana shi ƙarasawa.

'Yan asibiti suka ɗaga ni sama suna ihu, ni da nake cikin waɗanda aka cinye. Da suka sauke ni na tarar da kyaftin a kaina.

"Malam, tsakaninka da Allah, da gangan ka yi?"

"Wallahi, Kyaftin, ni ci na zo yi."

Ya girgiza kai. "Na yarda. In da gangan ne, da ba ta je daidai ba." Ya zauna a ƙasa yana kwance igiyar takalmi. "Laifinmu ne. Mun yi ta ba da aronka har ka zama nasu."

Abokina ya zauna a benci ya kira gida.

"Baba, kun ci?"

"Mun ci, Mamana."

Ihun da yarinyar nan ta yi sai da wayar ta yi ƙara, muna jin ta tana gudu cikin gida tana kiran mahaifiyarta. Da ta dawo ta ce, "Kawu mai jar riga ya yi wasa?"

"Shi ya ba ni ƙwallon ƙarshe."

Ba ƙarya a ciki ko kaɗan. Ya juyo da wayar wajena, ta ce, "Kawu, na gode," ni kuma na amsa kamar wanda ya shirya abin tun da daɗewa. Abokina kuma ya kau da kai yana share ido da gefen riga.

Yanzu in na tuna, nakan ga duk wahalar da na sha wajen neman ranar da ta dace da kowa, da neman yadda ƙarfi zai zo daidai, ashe maganin yana jikina. Bayan wannan wasa Alhaji ya kawo shawarar duk ƙungiyar da ke kan gaba ita za ta riƙa ɗaukata, kowa ya amince ban da wanda ke kan gaba. Gasar ta yi daɗi daga nan, ba wanda ya ƙara sanin sakamako tun daga gida. A da abin yakan yi mini ciwo, yanzu kuwa dariya yake ba ni. Na gane cewa inda aka yi ta tura ka don a rabu da kai, in ka daɗe a can kana gumi tare da mutane, nan ne wurinka, ko wace riga ka sa.

Abokina ya tafi bayan an gama Kofin Duniya. Juma'ar farko da muka dawo fili, ina cikin direbobi a ranar, ƙwallo ta shigo hannuna. Ban duba ba na miƙa ta kusurwar hagu. Ba kowa a wurin. Ta yi ta birgima har ta daki waya, ba wanda ya yi mini tsiya. Kyaftin ne ya taka a hankali ya ɗauko ta, ya miƙo mini ya ce, "Sake fitarwa, Malam. Ba mu gani ba."