Sistar da Ta Ce In Tura

A gidanmu ba a ihun naƙuda. Mahaifiyata ta haife mu mu bakwai a ɗakinta na unguwar Bolori, kuma har gobe alfaharinta shi ne maƙwabta ba su taɓa sanin ana ciki ba sai sun ji kukan jariri. Da wannan tarbiyyar na shiga haihuwata ta fari. Na ciji gefen gyale na yi shiru kwana biyu a gida, a makon da aka hana kowa fita. Yaron ya zo babu rai. Har yau ina jin haushin shirun nan da na yi.

Da ciki na biyu ya tsufa, na ce wa maigidana ko ana ha maza ha mata a asibiti zan haihu. Bai yi musu ba. Mahaifiyata ce ta yi ta mita da Barbarci, wai 'ya'yan zamani ba su da ƙashi.

Ciwon ya tashi da hantsi. A shekarar an katse layin waya, an kuma hana babur, sai maigidan ya fita da ƙafa ya samo keke napep, muka shiga har da mahaifiyata. A kowane shingen sojoji sai fasinja sun sauka sun taka da hannu a sama. A na biyu wani soja ya dubi cikina, ya dubi fuskata, ya ce wa direba ya wuce tun ban haihu a kan buhunan yashinsu ba.

Asibitin ƙarami ne, kuma likita bai iso ba don an rufe hanyar unguwarsu. Wadda ta karɓe ni wata nas ce 'yar ƙabilar Ibo, gajera mai jiki, da takalmin roba da ɗan gicciye a wuya. Kowa Sista yake ce mata. Mijinta yana da shagon kayan mota. Danginsu da yawa sun tattara sun koma gida da gari ya rikice, ita ta ƙi tafiya. Hausarta kuwa irin ta gareji ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta.

"Madam, ciwo yana yi?" ta tambaye ni.

Na ce da sauƙi. Ba ta saurari bakina ba, gyalena ta duba, ta ga na tauna shi har ya huje. Ta zare shi daga haƙorana ta jefa kan kujera.

"Nan ba gidan surukai ba ne. In ciwo ya zo kai faɗa mini. In kai ɓoye, yaya ni zan sani?"

Mahaifiyata ta gyara zama ta ce, "Sista, mu ba ma ihu."

"Wushe, Mama," in ji ta, ta gaishe ta da Barbarci har da ɗan rusunawa. "Kai zauna can kai yi addu'a, shi ne aikinka. Wannan aikina ne."

Na daɗe ban ga an rufe wa tsohuwar nan baki da ladabi haka ba. Da ba ciwo nake ji ba, da na tafa.

Abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har la'asar. Kan jaririn bai sauko daidai ba. Sista ta sa ni durƙuso, ta juya ni gefe, ta zagaya da ni ɗakin tana murza mini baya. Ko abincinta da ke cikin kula ba ta buɗe ba. Jifa-jifa takan ɗora wani ɗan mazurari a cikina ta kara kunne ta saurari bugun zuciyar. Wani karo da ta ɗago, na ga fuskarta ta sauya. Na gane akwai matsala, sai na tuna yarona na fari. Tsoro ya kama ni, jikina ya sandare, na datse haƙora ko babu gyale.

Ta matso daf da ni ta ce, "Yanzu, madam. Tura. Tura da ƙarfi."

Ni a Hausar da na sani, mai naƙuda nishi ake cewa ta yi. Mota ce ake turawa idan ta kafe a yashi. Hankalina kuma ba ya jikina. Na ɗaga hannu biyu na dafa kafaɗunta na tura ta iya ƙarfina. Sista ta yi baya taga-taga ta zauna daɓas cikin bahon wanki.

Daga cikin bahon ta ɗago kai ta ce, "Ba ni ba, madam. Yaro. Ni an riga an haife ni."

Mahaifiyata ce ta fara ƙyalƙyalewa da dariya, carbi a hannu. Ni ma dariyar ta ƙwace mini, kuma da bakina ya buɗe sai ta rikiɗe ta zama ihu, irin wanda ban taɓa yi ba tun da nake. Sista ta riga ta miƙe, siket a jiƙe. "Haka, ƙara," take cewa. Na ƙara, na sake ƙarawa, kan jaririn ya fito.

Mace ce. Cibiya ta naɗe mata wuya, ta zo laƙwas, ba motsi ba kuka. Na san wannan shirun, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya san shi. Sista ta warware cibiyar, ta zuƙe mata majina, ta yi ta goga mata baya da tawul tana magana da yarensu, mahaifiyata tana nata da Barbarci. Ban san iya lokacin ba. Can sai yarinyar ta yi wani ɗan tari, ta tsala kuka. Na yi ta kuka tare da ita, ban ji kunyar kowa ba. Da likita ya iso, ya tarar muna shan kunu.

Bayan na yi arba'in na koma da jaririyar, da kwalbar humra da turaren wuta da mahaifiyata ta haɗa da hannunta, ta ce in kai wa "wannan mai bahon". Na yi ta godiya har Sista ta ce ya isa. Sai na ce bari in yi mata alheri ɗaya, in gyara mata Hausa don kada wata ta sake jefa ta cikin ruwa.

"Sista, ba tura ake cewa ba. Nishi ake cewa."

Ta shinshina humrar, ta harare ni ta gefen ido. "Na san nishi tun kafin kai yi aure. Matan garin nan suna kulle haƙori. In na ce tura suna dariya, baki ya buɗe, jiki ya saki." Ta karɓi yarinyar ta rungume. "Amma kai ne na farko da ya ture ni da gaske."

Ban san inda take ba yanzu, amma ba na sallame salla ban sa ta a addu'a ba. Yarinyar tana firamare, kuma duk layinmu babu mai muryarta. In ta dawo daga makaranta tun daga bakin titi ake jin ta. Kakarta takan toshe kunne ta ce in tsawata mata, mace ba ta ɗaga murya haka. Ni kuwa ban taɓa ce mata ta yi shiru ba.