Ɗakin da Tsintsiya Ta Gina Mani a Gingimari

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mani gardama ba, ina jan gingimarin wani taubashina. Ku yaran yanzu ƙila sai an yi maku bayani. Mahaifinshi da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji, ni ɗan mace. A wurinmu hakan na nufin ni bawanshi ne na wasa, shi kuma ubangidana, kuma babu maganar da zan yaɓa mashi a gaban mutane ya ce ya yi fushi. Shi Allah ya buɗa mashi a harkar hatsi, ya je Makka, ya aje tumbi. Ni kuwa boko leƙa shi kawai na yi na dawo, allo ma malam ne ya riga ni gajiya. Abin da na iya a duniya sitiyari ne da surutu.

Aikina in yi lodin wake a Dutsin-Ma, in bai cika ba in biya Karofi ko in haura Kurfi in cike, sannan in miƙa Kudu, Badun ko Ikko. Tuƙin ba ya damuna. Abin da ya dame ni wurin kwanciya ne.

Kan motar nan gajere ne ƙwarai. Kujerata, kujerar gefe, a tsakiya tudun inji da sandar giya. Bayan kujera ko buta ba ta samun wurin zama. Ni kuma Allah ya yi ni dogo, siriri kamar karan dawa. In gajiya ta kama ni na tsaya, sai in sa kai a jikin ƙofa, giya tana soka mani haƙarƙari, ƙafafuna kuma a waje ta taga. Akwai ranar da na farka a wata tasha na tarar wani mai wankin mota ya shanya tsummanshi a ƙafata. Bai yi da mugunta ba, ya ce shi ya ɗauka wani ƙarfe ne. In kuma na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, baƙin mai ya ɗiga mani a goshi, sauro ya ci rabonshi, ruwan Kudu kuma ba ya sallama kafin ya sauko. Matata ta ce ko a gida a lanƙwashe nake kwana kamar lauje, rabin gadon babu kowa.

Duk wannan abin dariya ne har ranar da, da rana tsaka, idona ya rufe ina kan tafiya. Ƙarar tsakuwar gefen titi ce ta farkar da ni. Na maido motar kan hanya, na tsaya. Daga ranar na ƙudura cewa ko dai a yi mani wurin miƙe baya a motar nan, ko in aje makulli in koma noma, alhali ko kunya ɗaya ban iya ja ta miƙe ba.

Na samu taubashin nawa, Alhaji, a rumfarshi ta kasuwa yana duba wake a tafin hannu.

"Alhaji, wakenka a kwance yake zuwa Ikko, a lulluɓe da tamfol. Ni da nake kai shi a zaune nake zuwa, a zaune nake dawowa. Wannan wane irin adalci ne?"

Bai ko ɗago ba. "Wake ake saye a Ikko, bawa. Ban taɓa jin an taya direba ba."

"A ƙara wa kan motar tsawo kaɗan. Wurin da mutum zai kwanta kawai."

"Duk abin da kai ya ci, bodi ne ya rasa. Layin buhu guda kake so in sauke don ka yi minshari?"

Haka muka yi ta yi, in kawo ta nan ya toshe, in kawo ta can ya yi dariya. Ana cikin haka ya sayo sabuwar mota, kai da ƙarfen gindi kawai, ba a kai ga ɗora mata bodi ba. Aka kai ta garejin wani mai walda a Dutsin-Ma. Na lallaɓa na tambayi mai waldan ko zai yiwu a yanke bayan kan a ƙara ɗan ɗaki. Ya ce aikin ba wuya, amma sai da izinin mai mota, kuma in aka riga aka manna bodi a jikin kai, magana ta ƙare. Alhaji kuwa ya riga ya ce mashi da an wuce cika-ciki a fara, a matso da bodin har ya taɓa kai.

Na hau mashin na nufi Kurfi wurin mahaifiyata, in gaya mata ɗanta zai bar mota. Na tarar tana ciro wutsiyar ragon layya da ta adana don tuwon cika-ciki. Na zauna na zazzage mata komai, har da muryar tausayi. Ta bari na gama.

"Bana ka je shara?"

"Inna, ina maganar bayana kina maganar shara."

"Tambayarka na yi."

Ga waɗanda ba su sani ba, in watan cika-ciki ya kama, ɗan mace kan ɗauki tsintsiya ya je wurin ɗan namiji, ya ɗan share ƙofar gida, shi kuma ya sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Wasa ne, amma wanda ya hana taubashinshi shara zai sha tsiya har wata shekarar.

Na ce ban je ba tukuna, kuma abin da zai sa mani a hannu ba zai gyara mani baya ba.

Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta jawo tsintsiyarta, wata tsohuwa mai ɗaurin jan ƙyalle, ta aje a gabana. "Wa ya ce maka dole ƙofar gida ake sharewa?" Ta koma kan tukunyarta. "Ni dai ban ce komai ba."

Ranar cika-ciki na ci tuwo kamar an ce daga yau an daina. Washegari na ƙara da ɗumame, na sha kunu a kai, don ina da dalilin son cikina ya fito. Na zura rigar sanyi, na ɗora babbar riga mai sitaci, na saɓa tsintsiya da tabarma a kafaɗa. Da hantsi na bi ta ƙofar gidan Alhaji. Yana zaune a dakali da abokanshi 'yan kasuwa, yana hango ni ya sa hannu a aljihu yana murmushi. Na yi sallama na wuce abina.

"Kai bawa, ina zuwa? Ga ƙofar gidan nan."

"Bana ba nan zan share ba, ubangida. Dukiyarka ta yi datti a gareji."

Ai kuwa suka taso gaba ɗaya suka biyo ni, don sun san ba na tafiya irin wannan a banza. Muna isa na haye bayan motar. Akwai katakai da mai walda ya jera a kan ƙarfen, daidai bayan kai. Na share wurin tas, a hankali, kamar mai share masallaci. Na shimfiɗa tabarma, na kwanta rigingine, na ɗora tsintsiya a ƙirji.

"Alhaji, na yi shara. Inda na share nake so."

Dariya ta ɓarke. Masu aikin gareji suka aje guduma suka matso. Alhaji ya zaro hannu daga aljihu ya miƙo mani.

"Sauko ka karɓi naka, kada ka ɓata mani katako."

"Riƙe abinka."

"Zan ɗinka maka shadda."

"In sa ta in kwana a ƙarƙashin mota?"

Wani dattijo cikin abokanshi ya gyara tsayuwa ya ce, "Alhaji, mu dai shaidu ne. Bawa ya yi shara a gabanmu. In ka hana shi, kafin azahar an ji a Kurfi."

"Har Tamawa ma," in ji wani.

Alhaji ya matso ya ƙura wa tsintsiyar ido, sai na ga kafaɗunshi sun sauka. "Wannan jan ƙyallen na san shi. Da tsintsiyar nan Gwaggo take korarmu daga kan rumbu muna yara." Ya girgiza kai. "Wannan ba dabararka ba ce. Kanka bai kai nan ba."

"Ban musa ba."

Ya juya wurin mai walda. "Ɗauko alli. Zagaye shi yadda yake, kada ka ƙara ko ɗan yatsa."

Nan fa na ja numfashi na kumbura ciki, na baza gwiwar hannu, babbar riga ta buɗe kamar lema. Mai walda ya sunkuyo da alli yana danne dariya. Saura kaɗan ya fara ja, Alhaji ya zare tsinke ɗaya daga tsintsiyar ya soka mani a tafin ƙafa. Tun muna yara ya san nan ne lagona. Na tuntsire da dariya, iska ta fice, tuwon jiya da ɗumamen safe duk suka ci amanata. Ya sa hannu ya tattare rigar a jikina, ya ce, "Yanzu ja."

Da na tashi na dubi zanen, gabana ya faɗi. Wani siririn wuri ne, ko makara ta fi shi faɗi. In na kwanta a ciki sai dai in fito waje in juya in koma. Ni dai na ce inda na share, kuma ga iyakar jikina an zana.

Alhaji ya daɗe yana kallon layin. Ya zagaya ta ɗaya gefen ya sake kallo, hannunshi a kan ciki. Can ya ce wa mai walda, "Ƙara kamu guda."

"Kamu guda, Alhaji? Layin buhu ya tafi fa."

"Na sani. Kada a ce bawana a takure yake kwana."

Na dira ƙasa na yi ta zuba mashi addu'a. Na ce ashe duk tsiyar nan zuciyar taubashina fara ce.

Mai walda ya yi aiki mai kyau. Ya yanke bayan kai ya ƙara ɗaki, ya fitar da 'yar taga, ya kafa katako aka ɗora katifa. Har ƙusa ya sa mani ta rataye riga, da lungun aje buta. Matata ta ɗinka labule da ragowar atamfarta. Tafiyar farko ruwa ya tare ni da la'asar kafin Jebba. Na gyara tsayuwa, na tsallaka baya, na miƙe ƙafafuna har ƙarshe, ina jin ruwa na dukan rufi ba ya taɓa ni. Ni kaɗai na yi ta dariya. Da na tashi, hanyar ma sai na ga ta ƙara faɗi.

A kowace tasha direbobi sai sun leƙo. Wani ya shafa katifa, wani ya ja labule ya saki. Su tambaye ni da mi na shawo kan mai mota, in ce da tsintsiya. Su ɗauka wani asiri ne, har wani ya ja ni gefe yana tambayar malamin da ya ba ni.

Ba a daɗe ba Alhaji ya ce zai bi ni Badun ya gaisa da masu sayen wakenshi. Ya zauna a kujerar gefe da carbi, yana ba ni umarnin tuƙi, mutumin da ko keke bai iya ba. Kafin mu kai Funtuwa na ga ya cire hula ya rataye a ƙusata. Ya ja labule, ya tsallaka da nishi, ya kwanta. Na waiga. Tumbin nan ya cika ɗakin daidai, babu ragi babu ƙari, kamar tela ne ya auna. A nan na gane wa aka ƙara wa kamu guda.

"Alhaji, ɗakina ne fa. Sharata ce."

Ya amsa ido a rufe. "Kai kanka nawa ne, balle ɗakinka. Tuƙa a hankali, kaya na kwance."

Minsharinshi ya raka ni har Kudu. Amma in faɗi gaskiya, duk inda na tsaya hutawa yakan fito ya ba ni wuri, ya zauna gadin mota yana ƙorafin zafi. Kuma duk motar da ya saya bayan wannan, da ɗakinta aka gina ta, ba tare da kowa ya ɗauki tsintsiya ba.

Yanzu na aje tuƙi. Nakan zauna kusa da tasha in ga manyan motoci sun jeru, kai gajere, bodi har ya fi ƙarfin ido, direba a ƙarƙashi a kan kwali. Sai in ji bayana ya amsa. Ni na yi sa'a mai motata ɗan kawuna ne, akwai wasan da ya ba ni baki. Yawancinsu ba su da wannan. Ku masu motoci, da ku masu gina bodi, mutumin nan a motar yake rayuwa. Nan ne ɗakinshi, nan yake cin abinci, nan yake jinya in zazzaɓi ya kama shi a hanya. Ku bar mashi inda zai miƙe ƙafa tun kafin a manna ƙarfe. Layin buhu guda ne. Direban da ya yi barci shi ke kai sauran buhunan lafiya, ya kuma dawo wa iyalinshi a miƙe.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, tsintsiyar kuma tana wurina. Duk shekara in cika-ciki ya zo nakan saɓa ta in nufi gidan Alhaji. Ya tsufa, da sanda yake tafiya, amma yana hango jan ƙyallen nan zai miƙe da sauri ya tare ni tun daga bakin layi, hannu a aljihu.

"Tsaya nan, bawa. Ga naka. Kada ka share komai."